Yadda Ake Gyaran Hannun Ƙofar Tsohuwar Mota Idan Ya Karye

Tambayar da masu riƙe da tsofaffin motoci a nan Zariya suka fi yawan aikowa ita ce ta hannun ƙofa: ya karye, ko yana lilo, ko a ja shi ƙofa ta ƙi buɗuwa, yaya za a yi? Yawancinsu Peugeot 504 ce a hannunsu, wadda aka soma haɗawa a Kaduna tun 1975, sai masu 404, da Volkswagen mai ƙirar kunkuru, da tsohuwar Mercedes. Ƙirar hannun ta bambanta daga mota zuwa mota, amma tsarin aikin ɗaya ne.

Da wuya hannun ƙofa ya karye haka kawai. Kusan kullum akwai abin da ya yi tauri a cikin ƙofar, aka daɗe ana fizgarsa da ƙarfi har ƙarfen ya gaji. Wanda ya gyara hannun ya bar wannan taurin, kafin wata damina ta zagayo zai sake wannan aikin. Shi ya sa matakan suka wuce hannun, suka shiga har cikin ƙofa.

1. Gano abin da ya lalace tukuna

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, gwada ƙofar ta waje da ta ciki, ka lura da abin da hannunka ke ji.

Idan hannun waje yana motsi sakayau babu nauyi, amma na ciki yana buɗewa, to siririyar sandar ƙarfen da ta haɗa shi da lok ce ta zame, ko kilif ɗin robar da ke riƙe ta ya tsinke. Lok shi ne ƙarfen da ke gefen ƙofa, wanda ke cafke jikin mota idan an rufe. Wannan shi ne mafi sauƙin gyara. Idan hannun yana buɗewa amma ba ya komawa mazauninsa sai an tura shi, sifirin ne ya karye ko ya fita. Idan gaba ɗayansa yana girgiza a jikin ƙofa, notin baya ya saki ko ƙafar notin, wato ɗan ƙarfe mai haƙora da notin ke hawa, ta fice daga jikin hannun. Idan kuwa na waje da na ciki duk sun yi tauri, laifin lok ne ko kuma ƙofar ta sauka.

Ga gwajin ƙofar da ta sauka: buɗe ta kamar taƙi ɗaya, ka kama ƙasanta ta ƙarshe ka ɗaga sama. In ta yi ƙwas-ƙwas tana hawa da sauka, hinjin, wato ƙarfen da ƙofa ke rataye tana juyawa a kansa, ya ci. Za mu dawo kansa a mataki na 10.

Gargaɗi: idan ƙofar a buɗe take kuma hannaye biyun duk ba sa aiki, kada ka rufe ta. Kwance kwalin ƙofa, wato murfin da ke lulluɓe ta ta ciki, tana rufe wahala ce babba, wani lokaci sai an cire kujera, kuma da wuya kwalin ya fito lafiya.

2. Kayan aiki da kuɗin da za a kashe

Tanadi sukudireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, da sifana ko soket mai lamba 8 da 10, da filaya mai dogon baki, da tocila, da ɗan mayen ƙarfe ɗaure a jikin waya don ciro notin da ya faɗa ƙasan ƙofa. Sai kananzir, da tsohon burushin haƙori, da giris, da man fesawa irin WD-40, da salatif na takarda, da tsumma, da gwangwanin tara notuna. Idan ƙarfen hannun ne ya rabe biyu, za a ƙara da injin huda mai bakin milimita 2 zuwa 5, da sanfefa mai kaushi lamba 80 ko 120, da gam mai haɗi biyu irin Araldite.

Kuɗin hawa uku ne. Kilif, sifirin, giris da gam ba su taka kara sun karya ba. Hannu na hannu da aka ciro daga wata mota shi ne matsakaici. Sabo fil na asali da ya daɗe a ajiye a shago shi ne mai tsada, kuma wanda ke ɗauke da gidan makulli ya fi na ƙofar baya kuɗi. Farashin kayan tsofaffin motoci ba shi da tsayayyiyar ƙa'ida, mai shago yakan dubi bukatarka ne ya yanka, don haka taya a wuri uku kafin ka biya. Lokacin aiki kuwa, awa biyu sun isa idan kilif ne ko sifirin. In gam ya shigo ciki, sai motar ta kwana.

3. Cire kwalin ƙofa

Ajiye motar a inuwa, ka naɗe gilas sama har ƙarshe, domin gilas ɗin da ke ƙasa yana tare hanyar da hannunka zai bi zuwa ga notunan. Tunda ƙofa za ta daɗe a buɗe, cire kan batir na baƙar waya ko ka kashe fitilar rufi don kada batir ya sauka.

Fara da majinginin hannu, notunansa suna ƙasa. Sai murfin hannun ciki, sai maɓallin kullewa da ke sama, wanda galibi murɗe shi ake yi ya fito. Hannun naɗe gilas ne ke ba mutane wahala. Wasu noti ne ɓoye a ƙarƙashin murfin roba, wasu kuma wani lanƙwasasshen kilif ne mai kama da kofaton doki a bayansa. Ga mai kilif, danna kwalin ciki, ka zura bakin tsumma tsakanin hannun da kwalin, ka riƙa ja hagu da dama har tsumman ya kamo kilif ɗin ya fitar da shi. Sa tafin hannu a kusa, domin yakan yi tsalle ya ɓace a cikin ƙasa.

Yanzu naɗa tsumma a bakin sukudireba mai faɗi, ka zura ta daga kusurwar ƙasa, ka lalubi inda kilif yake, ka ɓanɓare daidai gindinsa. Bi su ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗi: kada ka ɓalle kilif biyu ka kama kwalin ka fizga. Kwalin motar da ta shekara arba'in ya sha ruwan damina ya sha zafin bazara, ya zama kamar busasshen ganye. Kilif zai tsaya a jikin ƙarfe, kwalin ya yage a kewayensa, kuma samun wani kwalin ya fi samun hannun wuya.

A bayan kwalin akwai leda manne da ƙofa, in ba wani ya riga ya yar da ita ba. Ɗaye ta a hankali daga sama ka bar ta tana rataye.

4. Cire hannun

Haska tocila ciki ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai. Sanduna biyu ko uku ne ke zuwa lok: ta hannun waje, ta gidan makulli, ta hannun ciki. A ido duk kama suke, hoton ne zai raba maka gardama lokacin mayarwa.

Manna salatif na takarda a fentin da ke kewaye da hannun ta waje. Fesa mai a notunan ka ba su minti goma sha biyar. Sannan juya kilif ɗin da ya rungume sandar ya sake ta, ka zare bakinta daga ramin. A wasu motocin babu sanda ko kaɗan: maɓalli ne ko ɗan harshe a bayan hannun ke tura lok kai tsaye.

Galibi notuna biyu ne ke riƙe da hannun ta ciki, lamba 8 ko 10. A Volkswagen mai ƙirar kunkuru kuwa notin yana gefen ƙofa, a ɓoye bayan robar da ke kewaye da ita, sai a kwance shi a zame hannun ya fito ba tare da an taɓa kwali ba. Saboda haka duba gefen ƙofarka da kyau tun farko, kana iya rage wa kanka aiki.

Gargaɗi: notin da ya yi tsatsa kada a sa masa ƙarfi. Matsa shi gaba kaɗan, ka dawo da shi baya, ka ƙara mai, ka sake. Ƙafar notin dasa ta aka yi a cikin ƙarfe mai taushi, in ka murɗa da zuciya za ta fito da naman hannun. Ajiye siririyar robar da ke tsakanin hannun da fenti, ko ta tsage, domin da ita za a auna sabuwa.

5. Gane irin ƙarfen kafin a nufi wurin mai walda

Nan ne aka fi yin asara. Ƙyallin da ke jikin hannun yana sa a ɗauka ƙarfe ne mai ƙwari, alhali rufin kurom ne kawai. Yawancin hannayen motocin wancan zamani zubi ne na gaurayen zinki, wanda ke narkewa tun zafi bai kai digiri 400 a ma'aunin Salshiyas ba. Sandar tagullar da mai waldar gas ke amfani da ita sai zafi ya kai wajen digiri 900 take narkewa. Ke nan kafin tagullar ta soma gudu, hannun ya zube ya zama dunƙule. Kuma zinki ba ya yin ja ya ba da alama kamar baƙin ƙarfe, yana nan da kamanninsa sai kawai a ga ya rushe. Hayaƙinsa ma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji ga wanda ya shaƙa.

Dubi bakin karayar. In ka ga toka-toka mai tsaki-tsaki kamar dutsen da aka fasa, kuma mayen ƙarfe bai kama wurin ba, zinki ne. Gwada a bakin karayar, ba a kan ƙyallin ba, don rufin yakan ɗan ja mayen ƙarfe kaɗan ya ruɗe ka. Sassan da mayen ƙarfe ya cafke da ƙarfi, kamar sanda ko ɗan harshen baya da aka yi da baƙin ƙarfe, su ne za a iya kai wa mai walda, bayan an raba su da jikin hannun.

6. Gyaran kansa

Idan jikin hannun ne ya rabe biyu, gam shi kaɗai ba zai riƙe ba, sai an sa masa ƙashi a ciki. Wanke ɓangarorin biyu da kananzir, ka bi da ruwan omo mai ɗumi don kashe maiƙon kananzir ɗin, ka shanya su bushe sarai. Haɗa su a bushe ka ga ko bakin ya zauna daidai.

Yanke wayar ƙafar keke ko ta babur, tsawon milimita 20 zuwa 30. Ta keke kaurinta wajen milimita 2 ne, ta babur ta fi kauri, sai ka zaɓi wadda naman hannun zai ɗauka. Huda rami a tsakiyar bakin ɓangare ɗaya, zurfin milimita 10 zuwa 15. Don ramin ɗaya ɓangaren ya yi daidai da shi, ɗiga ɗan fenti a bakin ramin farko, ka haɗa su ka raba, inda fentin ya sauka nan za ka huda. Rami na biyu ya ɗara wayar faɗi da kamar rabin milimita, saboda a samu sararin daidaita baki. Idan wurin yana da faɗi, sa waya biyu, ita ce ke hana shi juyawa.

Huda a hankali, kana ɗagowa kana share gari. Zinki yana da taushi, bakin huda yakan cafke shi ya ja da kansa ya fasa gefe.

Kankare wayar da sanfefa ta yi kaushi. Kwaɓa gam ɗin daidai wa daida, kashi ɗaya na wannan kashi ɗaya na wancan, har launinsa ya zama ɗaya. Cika ramukan, shafa a bakin karayar, zura wayar, haɗa, ka ɗaure da robar tiyub. Goge wanda ya tsatso ta fuskar ƙyalli tun yana ɗanye. Yawancin hannayen nan suna da kwari ta baya. Kankare cikin kwarin, ka kwantar da ɗan sillen ƙarfe mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5 da ya haye karayar ta kowane gefe, ka binne shi da gam. A ganina wannan sillen ne rabin ƙarfin gyaran, kuma ba mai ganinsa ta waje.

Gargaɗi: sayi gam mai jinkirin bushewa, ka ba shi awa 24 cur. Mai kamawa cikin minti biyar yana yin laushi idan mota ta wuni a ranar watan Afrilu. Super Glue kuwa ba ta da wurin zama a wannan aiki, tana ƙamewa kamar gilas, jijjiga kaɗan ta saki.

Gaskiyar magana, hannun da ya karye daidai inda yatsu ke ja, a ƙofar direba da ake buɗewa sau ashirin a rana, wannan gyaran na jiran a samu wani ne. A ƙofar baya kuwa yana iya shekaru.

Idan ƙafar noti ce ta fice, a huda wurin a yanka sabbin haƙora. Ramin milimita 4.2 na noti mai kaurin milimita 5 ne, ramin milimita 5 kuma na mai kaurin 6. Naɗa salatif a bakin hudar daidai zurfin da kake so, in ba haka ba sai ka ɓullo ta fuskar kurom. Yanke kan dogon noti, shafa masa gam, murɗa shi ciki ya kwana. Wanda ba shi da abin yanka haƙora ya kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, aikin minti kaɗan ne a wurinsu.

Sifirin da ya karye sai a canja shi. Lura da inda ƙafafunsa biyu suke tokare kafin ka zare ƙusar da hannun ke juyawa a kanta, kuma na hagu da na dama sukan saɓa wajen naɗi. Kilif ɗin sanda da ya tsinke a sa sabo. Ɗaure shi da wayar wuta yana kai mutum gida, amma ba a rufe kwali a kansa.

7. Idan sai an sayi wani

Tafi da tsohon a hannunka. Fara da masu kayan mota na Sabon Gari da 'yan gwangwan, in ba a dace ba sai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Auna tazarar ƙafafun noti, ka duba siffar harshen baya, ka ja shi ka ji sifirin. Ko a 504 kaɗai akwai na farko mai maɓallin dannawa, akwai na baya da ya shige jikin ƙofa, ba sa shiga wurin juna. Guji wanda ƙyallinsa ya yi ƙuraje da yawa, domin ƙurajen alama ce zinkin ya ci ta ƙarƙashi.

Faɗi gefen da sunansa, hagu ko dama, gaba ko baya. Kada ka ce “na direba” kawai. Sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka 404 ko Volkswagen da ta riga wannan shekara kan iya zuwa da sitiyari a dama.

Idan gidan makullin yana jikin hannun, mayar da naka tsohon cikin sabon don makulli ɗaya ya ci gaba da yi maka aiki. Zura makullin ciki kafin ka zaro gidan, kuma kada ka cire shi sai gidan ya zauna a sabon wurinsa. Makullin ne ke danne ƙananan faranti da sifirin ɗinsu masu siririn gashi. Ka zare shi a waje, su watse. Giris ba ya shiga gidan makulli, goga bakin fensir a jikin makullin ya wadatar.

8. Wanke lok

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne tushen ciwon. Ƙurar hunturu tana shiga ta bakin gilas, ta haɗu da tsohon giris, shekara bayan shekara, har ya daskare kamar kwalta. Kwance notuna uku ko huɗu da ke gefen ƙofa, ka zaro lok ɗin ta ciki. A wasu motocin sai an sassauta hanyar da gilas ke bi kafin ya fito. Notunan nan da tauri suke, sa sukudirebar da ta cika bakinsu, ka danna sosai, don kada kan ya lalace.

Jiƙa shi a kananzir minti talatin, ka goge da burushi kana motsa kowane harshe har ya riƙa komawa da kansa. Bar shi ya bushe, ka sa giris kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe kawai. Cika shi da giris gayyatar wata ƙurar ce. Man fesawa ba ya maye gurbin giris, sassauta tsatsa ne aikinsa, kwana kaɗan ya bushe. Tunda hannunka yana ciki, tsokane ramukan fitar ruwa da ke ƙasan ƙofa da waya, ka kwashe ƙasar da ta taru.

9. Mayarwa da saiti

Mayar da lok, sannan hannun da robarsa a ƙarƙashi. In robar ta mutu, yanka wata daga tsohon tiyub. Kama notunan biyu da yatsa tukuna, daidaita hannun, sannan ka ɗaure su bi da bi. Da ka ji ya zauna, ƙara kwata ɗin juyi ka tsaya. Ɗaurin ƙarfi ne ke tsaga zinki ya kuma lotsa fatar ƙofa.

Mayar da sanduna bisa hoton. Sandar hannun waje takan zo da haƙora a ƙarshenta don ƙara tsawo ko ragewa. Abin da ake nema shi ne hannun ya yi ɗan wasa na milimita 2 zuwa 3 kafin ya fara jan lok. Idan babu wasan nan, lok yana zama a ɗan buɗe, maɓallin kullewa ya ƙi sauka, ko ƙofa ta buɗe da kanta a kan gargada. Idan wasan ya yi yawa, sai an ja hannun har ƙurya kafin ya saki, karayar ta dawo ke nan.

Gargaɗi: yi gwaji ƙofa tana buɗe. Tura bakin lok da jikin sukudireba har ka ji ƙaras sau biyu, kamar an rufe ƙofa. Ja hannun waje kana jan sukudirebar waje, ya kamata ya saki. Maimaita da hannun ciki, sannan ka kulle da makulli ka tabbatar hannun waje ba ya buɗewa, ka buɗe ka sake gwadawa. Tabbatar bakin lok ya koma a buɗe kafin ka tura ƙofar, kuma rufewar farko a yi ta gilas yana ƙasa, kwali bai hau ba.

10. Ƙofar da ta sauka

In ƙofar sai an ɗaga ta ko an buga da ƙarfi take rufuwa, nauyinta yana kan lok, hannun kuma shi ke biyan bashin. Dubi makamar da ke jikin ginshiƙin mota, wato ƙarfen da lok ke cafkewa idan an rufe ƙofa. Idan samanta ya goge yana ƙyalli, ƙofar hawa kanta take yi. Zagaye ta da fensir don ka san inda take, sassauta notunanta kaɗan, matsar da ita milimita ɗaya, ɗaure, gwada. Idan hinji ne ya ci, matsar da makama ba zai warkar ba, sai mai gyaran bodi ya canja ƙusar hinjin. Ƙofar da ta daidaita da yatsa biyu ake buɗe ta.

11. Rufewa

Mayar da ledar, in ta yage yanka sabuwa mai kauri ka manna ta kewaye, bakinta na ƙasa ya faɗa cikin ƙofa don ruwan da ya bi gilas ya gangara ciki ya fita ta ramukan ƙasa. Ita ce ke tsare kwalin daga ruwan watan Agusta. Daidaita kowane kilif da raminsa kafin ka buga da tafin hannu. Sa kilif ɗin hannun naɗe gilas a jikinsa tukuna, sannan ka tura shi kan sandarsa har ya yi ƙaras, yana fuskantar inda na ɗaya ƙofar yake fuskanta idan gilas yana sama. Naɗe gilas sama da ƙasa sau biyu ka saurara ko yana gogar wata sanda, sannan ka mayar da kan batir.